Babban reshenmu yana karyewa kusan kowane mako, ku ba ni shawara

Ummu Kod: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Mu tara ne muke aiki a kan wata buɗaɗɗiyar manhaja a GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu su yi shi tare, duk sa-kai ne, sai da dare ko ƙarshen mako muke taɓa ta. Ni ce nake haɗa aikin kowa zuwa babban reshe, wato ainihin kwafin manhajar da kowa ke ɗauka. Makon jiya wani ya canja sunan wani sashe a cikin kod (rubutun umarnin manhajar), wani kuma a ranar ya rubuta sabon sashe yana kiran tsohon sunan. Kowanne ya ci gwajinsa, na haɗa su biyun, manhajar ta ƙi ginuwa har kwana uku. Wata ɗaliba da ta sauke don ta fara taimaka mana ta ɗauka kwamfutarta ce ke da matsala, ba ta sake dawowa ba, abin ya yi mini ciwo. Kuma wanda aikinsa ya shiga a ƙarshe ya girme ni, na ji nauyin in cire masa. Yaya zan yi?

Ɗan Zariya: Wa alaikumus salam Malama. Gwajinku bai yi ƙarya ba, sai dai ya gwada kowane aiki ne a kan tsohon reshe, ba a kan abin da zai kasance bayan an haɗa ba. Mutanen Rust, wani harshen rubuta manhaja, sun daɗe da toshe wannan ƙofar. Graydon Hoare, wanda ya ƙirƙiro harshen, ya sa wani mutum-mutumi, wato manhaja mai aiki da kanta, mai suna bors a bakin babban reshe. Ba mutum ne yake haɗawa ba. Bors yakan ɗora aikin a kan sabon reshe, ya gina, ya gwada, in ya ci sannan ya shiga, in ya faɗi ya koma wa mai shi. GitHub ta buɗe irin wannan layin jira ga jama'a a 2023, amma sai ma'ajiyar tana ƙarƙashin ƙungiya, ba asusun mutum ɗaya ba. In naku na mutum ɗaya ne, ki kulle babban reshe, ki kunna sharaɗin cewa dole aiki ya ɗauko sabbin canje-canje kafin a haɗa shi. Da wannan kaɗai abin da ya same ku ba zai faru ba.

Mai Linux: Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, ita lokaci take rabawa. Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiro ta, yana buɗe ƙofa mako biyu a zuba sabbin abubuwa, sannan a rufe, a shiga gyara zalla ana fitar da sigogin gwaji daga rc1 zuwa rc7, wani lokaci rc8. Tun 2008 kuma akwai linux-next da Stephen Rothwell ya fara, inda ake haɗa rassan kowa a ga rikicin kafin ya isa wurin Linus. Amma ku tara ne, kada ku ɗauko duk wannan. Ku dinga sa alamar sigar da kuka tabbatar tana ginuwa, sabon shiga ya fara daga can.

Yaya Babba: Ƙanwata, ni maganar nauyin nan zan taɓa, don ita ce ta ci muku kwana uku. A Chromium da Firefox, manhajojin shiga intanet, akwai masu gadin reshe, in gini ya karye sukan janye aikin da ya jawo, ko na waye, mai shi ya gyara a natse ya sake turowa. Ba wanda ya ɗauke shi raini saboda an san dokar tun farko. Ku zauna ku tara ɗin ku rubuta a takardar ƙa'idojin shiga: in babban reshe ya karye kuma ba a gyara ba cikin awa ɗaya, a yi git revert, umarnin da ke janye canjin. Aikin ba ya ɓata, yana nan a tarihi. Kuma ranar da naki ya karya, ki fara janye naki da hannunki kowa ya gani. Shi kuma dattijon ki kira shi a waya kafin ya gani a sanarwa.

Bakatsine: Ki duba kayan waje da kuke dogara da su ma. A Maris 2016 an cire wani ɗan guntun kod mai suna left-pad daga npm, rumbun da ake ɗauko irin waɗannan kayan, layi 11 kacal, gine-gine da yawa suka tsaya ba tare da kowa ya taɓa kod ɗinsa ba. Ku sa fayil ɗin kulle siga a ma'ajiya, gwaji ya yi amfani da npm ci, umarnin da ke sauke daidai sigogin da ke cikin fayil ɗin. In kuma ba ku san wane canji ya karya ba, umarnin git bisect zai nemo shi ta hanyar raba canje-canjen biyu a kowane gwaji, canji 100 bai wuce gwaji 7 ba.

Ummu Kod: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na kulle reshen yanzu. Yaya, na kira shi, ya ce shi ma zai sa hannu a dokar awa ɗayan. Saura ɗalibar, zan rubuta mata yau da daddare in gaya mata ba kwamfutarta ba ce.