Neman shawara: wace manhajar sarrafa fayiloli ce za ta sauƙaƙa min aikin shago?

Mai shagon hoto, Zariya:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da shagon wankin hoto da buga takardu, kuma duk aikin a kan kwamfutar tebur guda ɗaya yake. Windows 10 ce a kai, RAM ɗinta 4GB. Bayan kowane ƙarshen mako masu ɗaukar hoton biki kan kawo min memori da filash cike da hotuna, ni kuma in kwashe su zuwa faifan ajiya na waje, in ware na kamu daban, na ɗaurin aure daban, na dina daban, kafin a zaɓi waɗanda za a wanke.

Da File Explorer nake yin komai, amma aikin ya fara fin ƙarfina. In na buɗe folda mai hotuna da yawa sai koren layin nan na sama ya yi ta jan ciki, kwamfutar ta tsaya cak. In na saki kwafi uku ko huɗu lokaci ɗaya, babu wanda yake tafiya. Kyamarori biyu kuma sukan ba hotuna suna iri ɗaya, IMG_0001 da sauransu, in na haɗa su sai ta yi ta tambayata in danne wancan ko in tsallake, ni kuma hankalina ba ya kwanciya, don hoton bikin mutane in ya ɓace ba a sake ɗauka. Ga kuma filashin kwastomomi da kan nuna babu komai a ciki alhali a cike yake.

Wani yaro ya ce in koma Total Commander, har ya ce zai sa min wanda aka fasa kyauta. Don Allah masu sani, canza manhaja zai magance waɗannan? Wacce ta dace da ƙaramar kwamfuta irin tawa? Kuma ba za ta ɓata min Windows ba?

Mai gyaran kwamfuta, Kano:

Wa alaikumus salam Malam. Yaron ya nuna maka hanya mai kyau, amma kada ka yarda da fasasshen. Irin aikinka, wato ɗauko daga nan ka kai can duk yini, shi ne ainihin abin da aka ƙirƙiri manhajoji masu ɓangare biyu dominsa. Tsarin tsoho ne, tun Norton Commander na 1986. Allon ya rabu biyu: hagu ka buɗe memorin mai hoto, dama ka buɗe foldar da za ka zuba. Maɓallin Tab yana kai ka daga wannan ɓangare zuwa wancan. F5 kwafi, F6 ɗaukewa gaba ɗaya, F7 sabuwar folda, F8 gogewa, F3 leƙa abin da ke cikin fayil. In hannunka ya saba, linzamin ma ba ka cika taɓa shi ba.

Total Commander ɗan ƙasar Suwizalan ne ya rubuta shi, Christian Ghisler. Ya fito a 1993 da sunan Windows Commander, a 2002 aka canza masa suna. Ƙarami ne ƙwarai, RAM 4GB ta ishe shi har da rara. Akwai kuma Double Commander, wanda aka gina bisa kamanninsa, maɓallan nan duk iri ɗaya ne, kuma kyauta ne halal, ba a biyan ko sisi. Shi nake sa wa masu shago irinka.

Batun kwafin da ba ya tafiya, ga dalili. Faifan ajiya mai juyawa allura ɗaya gare shi a aikace. In ka ba shi aiki huɗu lokaci guda, sai allurar ta yi ta tsalle tsakanin wurare huɗu, lokacin ya ƙare a zirga-zirga. Kamar mai awo ɗaya ne masu saye huɗu suka miƙo masa buhu a tare. In ya sallame su ɗaya bayan ɗaya zai fi saurin gamawa. Waɗannan manhajoji suna da layin jira. A Total Commander, in ka danna F5 akwatin kwafi ya fito, sai ka danna F2, aikin ya shiga layi. Ka jera memori uku, ka juya ka ci gaba da sallamar mutane, su kuma su bi juna. Double Commander ma yana da maɓallin sa wa a layi a cikin akwatin kwafinsa.

Dattijo, tsohon ma'aikacin ɗab'i:

Ɗana, kan maganar fasasshen zan ƙara. Total Commander ba ya kulle kansa. Kana buɗe shi zai nuna maka lamba, ya ce ka danna 1 ko 2 ko 3, shi ke nan ka shiga, komai yana aiki. Sharaɗin mai shi shi ne ka gwada na kwana 30, in ya yi maka ka biya. To mutumin da ya bar maka ƙofa a buɗe saboda ya yarda da kai, bai kamata a haura masa katanga ba. In akwai hali ka biya, in babu ka ɗauki Double Commander da zuciya ɗaya. Ban da haka, fasassun manhajoji ta nan ɓarayin bayanai suke shigowa, kai kuma hotunan matan mutane da takardun makarantar 'ya'yansu ne a hannunka. Amana ce. Kowacce ka zaɓa, daga shafin masu ita za ka sauke, ba daga filashin wani ba.

Ɗalibin kimiyyar kwamfuta:

Da izinin manya, ni ina ganin kada Malam ya ɗora duka fatansa a kan sabuwar manhaja. Koren layin nan yawanci ƙoƙarin zana ƙananan hotuna ne da karanta bayanan kowane fayil. Yallaɓai, danna dama a kan babbar foldar hotunan, ka shiga Properties, sannan Customize, ka mayar da ita General items, ka sa alamar ya shafi foldojin ciki, sannan ka mayar da kallon zuwa Details. Za ka ga bambanci nan take. Ɓangare biyu ma ana iya yi: buɗe taga biyu, ka danna maɓallin Windows da kibiyar hagu a ɗaya, da kibiyar dama a ɗayar.

Abin da ya fi damuna shi ne lafiyar faifan. In folda tana tsayawa cak ko da ba hotuna ne a ciki ba, ko kana jin ƙas-ƙas daga cikin kwamfutar, to sauke CrystalDiskInfo, kyauta ce. In ta nuna shuɗi da Good, alhamdu lillahi. In ta nuna rawaya da Caution, ka kwashe kayanka yau, kada ka jira gobe. Babu manhajar da ke gyara faifan da ya kama hanyar mutuwa.

Mai gyaran kwamfuta, Kano:

Gaskiyarka ƙanena, a fara duba faifan, ban ja ba. Amma taga biyu ba za ta ba shi layin jira ba, kuma ba za ta raba masa rigimar sunaye ba. Nan ne Explorer take da iyaka.

Mai ɗaukar hoton biki, Kaduna:

Yaya, bari in yi maka bayanin sunayen, don kullum shi nake yi kafin in kai aiki wanki. Da farko kada ka zuba kyamarori biyu a folda ɗaya da sunayensu na asali. Yi wa kowacce tata foldar a ƙarƙashin foldar bikin. A Total Commander, shiga ta farko, danna Ctrl+A ka zaɓi duka, sannan Ctrl+M. Wani allo zai buɗe, tsohon suna a hagu, sabon da za a ba shi a dama. A gurbin suna rubuta misali Kamu_A_[C], a wajen adadin lambobi ka sa 4. Tun kafin ka taɓa komai za ka ga jerin ya koma Kamu_A_0001, Kamu_A_0002, har ƙasa. Ka duba da idonka, in ya yi maka sai ka danna Start. Ta biyun ka sa mata Kamu_B_[C]. Yanzu ko ka haɗa su babu wanda zai hau kan wani. Gurbin da ke kusa, mai [E], kada ka taɓa shi, shi ke riƙe da jpg ɗin. In ka goge shi hotunan za su ƙi buɗuwa sai an mayar.

In kuma kana son hotunan kyamarorin biyu su jeru yadda bikin ya gudana, shigowar amarya kafin yankan kek, to bayan ka haɗa su ka jera su bisa lokaci, ka sake Ctrl+M da lamba ɗaya. Sai dai wannan ba ya yiwuwa sai agogon kyamarorin ya zo ɗaya. Ka riƙa tuna wa masu kawo maka aiki su saita agogo kafin su fita, da yawa ba sa kula.

Wani abin da zai yi maka daɗi: Ctrl+B. Yana baje duk fayilolin da ke cikin foldojin ciki a jeri ɗaya, ba sai ka yi ta shiga DCIM, foldar da kyamara ke ajiye hotuna, kana fita ba. Kuma sunaye masu ƙ da ɗ da ɓ duk suna zama lafiya, ina rubuta Ɗaurin_aure yadda yake.

Mai shagon intanet, Maraɗi:

Filashin da ke nuna babu komai, mu ma nan shi ne abincinmu kullum. Bairos ɗin shotkot ne. Ba ya goge kayan mutane, ɓoye su yake yi, ya sa musu alamar ɓoyayye da ta fayil ɗin tsarin kwamfuta, sannan ya ajiye shotkot mai sunansu. Wanda ya danna shotkot ɗin ya kunna bairos a kwamfutarsa. A Double Commander shiga Show ka kunna nuna ɓoyayyun fayiloli; a Total Commander yana cikin Configuration, Options, Display. Za ka ga foldojin gaskiya sun bayyana, sau da yawa a cikin wata folda marar suna. Ka kwashe hotuna da takardu kawai. Duk abin da ya ƙare da lnk ko vbs ko exe da ba ka san shi ba, kada ka buɗe.

In kana son mayar wa mai filash kayansa a fili, buɗe cmd, wato baƙin allon rubuta umarni na Windows, ka rubuta attrib -h -r -s /s /d E:\*.* amma ka sa harafin filashin a madadin E. Ka tabbatar da harafin sosai kafin ka danna Enter, kada ka sa C. Kuma ka sani manhajar fayiloli ido ce kawai, ba magani ba ce. Bar Windows Security a kunne, ka bincike filashin kafin ka taɓa komai. Ni da Faransanci nake amfani da Total Commander, yana zuwa da harsuna da dama.

Ma'aikaciyar ofis, Katsina:

Malam, ka yi hattara da F6 da F8, suna kusa da F5 da F7, kuma aikinsu ba wasa. Abin da aka goge daga filash ko memori ba ya zuwa kwandon shara, tafiya yake yi kai tsaye. Shawarata, kayan kwastoma kullum F5, kada ka ɗauke. In an ɗauke wuta ana tsakiyar aiki, asalin yana nan a memorinsa, sai dai ka sake. Bayan an gama, shiga Commands ka zaɓi Synchronize Dirs, ka sa alamar kwatanta abin da ke ciki, ka danna Compare. Zai nuna maka duk hoton da bai iso ba ko ya iso a gurgunce. Sai ka ga babu bambanci sannan ka ce wa mai hoto ya iya goge memorinsa. A wannan allon Compare kawai za ka danna. Maɓallin Synchronize sai ka fahimci kibiyoyin tukuna, don yana iya gogewa.

In ba ka da UPS, wato batirin da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta, ko ƙarami ne ka nema. Ya fi kowace manhaja da muka ambata muhimmanci ga mai kwamfutar tebur.

Mai shagon hoto, Zariya:

Allah Ya saka muku da alheri, Baba na ji nasiharka, fasasshen ba zai shiga kwamfutata ba. Na duba faifan, shuɗi ya nuna. Na sauke Double Commander na gwada canza suna a kan kwafin wata tsohuwar folda, ya yi daidai yadda ƙanwata ta Kaduna ta faɗa. Saura abu biyu. Yaran shagona da Explorer suka saba, shin wannan zai kore ta ne? Sannan akwai bidiyon biki da yake ƙin shiga filashin kwastoma, ana ce min ya yi girma, alhali filashin 32GB ne kuma babu komai a ciki. Double Commander ma ya ƙi.

Mai gyaran kwamfuta, Kano:

Ba zai kore ta ba Malam. Gefe da gefe suke zama, Explorer tana nan yadda take, yara su ci gaba da ita har su koya. Ni ma ba na ba da shawarar a taɓa rajistar Windows don a maye gurbinta. Akwai ma nau'in Double Commander da ba a girkawa, a folda kawai yake zama, in ka gaji da shi ka goge foldar.

Bidiyon kuwa ba laifin manhaja ba ne. Filashin a tsarin FAT32 yake, shi kuma ba ya karɓar fayil guda da ya kai 4GB, komai yawan sararin da ya rage. Sai an yi masa fomat zuwa exFAT ko NTFS. Fomat yana share komai, don haka ka nemi izinin mai shi, ka kuma kunna nuna ɓoyayyun fayiloli ka tabbatar da gaske babu komai a ciki. Ka tambaye shi inda zai kalla: in a kwamfuta ne kowanne ya yi, in kuma a talabijin zai soka, wasu tsofaffin ba sa karanta exFAT. In haka ne gara ka bar filashin a FAT32, ka sa mai haɗa bidiyon ya fitar maka da shi kashi biyu, kowanne ƙasa da 4GB.

Ɗalibin kimiyyar kwamfuta:

Ƙari ɗaya Yallaɓai. Ranar da kwastoma ya dawo neman hoton bara, sa manhajar neman fayiloli Everything ta kamfanin voidtools. Kyauta ce, kana rubuta suna tana fito da shi, muddin faifan NTFS ne. In na wajen exFAT ne sai ka ƙara foldar da hannu a cikin saitinta. Tunda yanzu za ka riƙa ba fayiloli suna mai ma'ana, ka sa shekara da sunan mai bikin a sunan foldar. Sannan ka fara tanadi a hankali, don Microsoft ta daina tallafin Windows 10 na yau da kullum tun 14 ga Oktoba 2025, kuma kwamfutar da filashin jama'a ke shiga kullum tana buƙatar sabuntawar tsaro. Duka manhajojin nan suna aiki a Windows 11, hannunka ba zai sake koyon komai ba in ka canza.