Jira a kawo maka ka rama: dabara ce ko tsoro?

Sani: Jama'a, ni dai na faɗa, ɗan boksin ɗin da ke jira sai an kawo masa naushi kafin ya rama matsoraci ne. Ku tuna Mayweather da Pacquiao a 2015. Muka hana idonmu barci har asuba, turmi 12 Mayweather na ja da baya yana noƙe kai bayan kafaɗa. Dambe ne ko wasan ɓuya?

Malam Bala: To wa aka ɗaga wa hannu? Karawa 50 ya yi, ba wanda ya taɓa doke shi.

Sani: Makin alƙalai ne, Malam. Ni kisa nake son gani.

Kawu Idi: Kisa kake so, yaro? Nemo Marquez da Pacquiao ɗin nan dai, Disambar 2012. Turmi na shida na daf da ƙarewa Pacquiao ya yi kukan kura ya shigo, Marquez ya ɗan kauce ya tare shi da dama. Rub da ciki ya faɗi, bai motsa ba. Naushin ramuwa ƙarfi biyu gare shi: na mai bugu, da nauyin jikin wanda ya taho da kansa. Kuma duk lokacin da ka miƙa hannu, haɓarka a buɗe take.

Malam Bala: Abin da ya ci Joshua ke nan a 2019. Ya kayar da Ruiz a turmi na uku, ya yi gaggawar gamawa, Ruiz ya sakar masa hagu a gefen kai. Daga nan ƙafa ta ƙi ɗaukarsa, a na bakwai aka tsayar.

Nura: Kawu, da girmanka, amma Sani na da 'yar gaskiya. Mai ramuwa sai da mai kawo masa. Ko a damben gargajiya, in biyu suka miƙa garkuwa kowa na jiran kowa, turmi ya tashi ba kisa, 'yan kallo ihu suke yi. Shi Marquez ɗin da ya haɗu da Mayweather a 2009 ai rasa abin ramawa ya yi.

Kawu Idi: Wanda ya iya ba zama yake yana jira ba. Tarko yake ɗanawa, ya sauke hannu da gangan, ya yi kamar zai buga, har ka kawo abin da yake so.

Sani: Na ji, Kawu. Amma wallahi ba zan sake kwana a gidan kallo don Mayweather ba.

Malam Bala: Ai a 2017 ya yi ritaya, yi barcinka.