Wane labarin kare zan fara nemo wa yara?

Maman 'yan biyu: Salamu alaikum 'yan uwa, don Allah shawara nake nema. Yaran nan shekararsu tara, tunda suka ga wani fim na kare a gidan ƙanwata suka hana ni sakat wai sai na nemo musu irinsa, ni kuma na fi so su fara da littafi kafin kallo.

Malamar firamare: Wa alaikumus salam. Ki nemi Lassie Come-Home na Eric Knight, 1940 ya fito. Wani yaro ne Joe a Yorkshire can Ingila, babansa haƙar kwal yake yi aiki ya tsaya, babu ko na cefane, dole suka sayar da karyarsu Lassie ga wani basarake. Ita kuma ta saba kullum ƙarfe huɗu tana ƙofar makaranta tana jiran Joe, ko bayan an sayar da ita sai ta gudo ta zo ta tsaya, da abin ya ishi basaraken ya kai ta Scotland, daga can ta tako ɗaruruwan mil da ƙafa har gida. Inda ya fi taɓa ni wajen tsoho da tsohuwar nan ne da suka tsince ta a galabaice suka yi jinyarta, tsohuwar ta lura duk yamma sai ta je bakin ƙofa tana kai da komowa, ta gane akwai inda take son zuwa, ta buɗe mata duk da sun shaƙu. Da na karanta wa 'yan ajina wurin nan tsit suka yi.

Kawu: Malama ta gama magana. In sun gama sai ki sa musu fim ɗin 1943, Elizabeth Taylor tana yarinya a ciki, kuma karen da ya fito a matsayin Lassie namiji ne sunansa Pal. Na 2005 ma ya bi littafin. Amma shirin talabijin da aka yi daga 1954 zuwa 1973 labarin Amurka ne, a gona ya fara, suna ne kawai ɗaya.

Anti: Ni dai gargaɗi zan yi, kar ki fara da A Dog of Flanders. Nello da kakansa da karensu Patrasche mai jan amalanken madara zuwa Antwerp can Belgium, ƙarshe yaron da karen a coci aka same su sanyi ya kashe su. 'Yata kwana biyu tana kuka wallahi.

Yaya babba: The Call of the Wild na Jack London fa, 1903? Wani kare Buck da aka sato daga California aka kai shi jan kaya a kan ƙanƙara lokacin rububin zinare.

Malamar firamare: Yaya wannan sai sun kai sha uku, akwai duka da kulki da faɗan karnuka har mutuwa.

Yaya babba: Haka ne kam. Fim ɗin 2020 na Harrison Ford ya sassauta, sai dai karen da kwamfuta aka yi shi, ana gani a idonsa.

Maman 'yan biyu: Na gode Allah ya saka, Lassie ɗin zan nema. Malama turancin ba zai musu tsauri ba?

Malamar firamare: Maganar mutanen Yorkshire tana da ɗan wuya, ki nemi wanda aka sauƙaƙa don yara. Babi ɗaya bayan isha'i ya isa, kina yi kina musu bayani da Hausa.