Ina mazaɓar Sedgefield ta shiga?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekarata biyu ina aikin jinya a Newton Aycliffe, arewa maso gabashin Ingila. Tun ina sakandare nake jin BBC Hausa na cewa Tony Blair, tsohon firaministan Birtaniya, ɗan majalisar Sedgefield ne, da na zo kuma aka ce ai nan ce mazaɓar. Amma katin zaɓen da aka jefo mini ta ƙofa a 2024, "Newton Aycliffe and Spennymoor" na gani a kai. Na juya shi gaba da baya, babu Sedgefield. Wallahi abin ya tsaya mini a rai. Suna kawai aka sauya, ko mazaɓar ce aka kashe?

Baban Sadik: Wa alaikumus salam Hajiya. An rushe ta a zaɓen 2024, kuma wannan ne karo na biyu. An kafa ta a 1918, aka soke a 1974, aka dawo da ita a 1983, shekarar da Blair ya fara cin kujerar. Dalilin rushewar yawan masu zaɓe ne: a wancan rabon, doka ta ce kusan kowace mazaɓa ta kasance tsakanin mutum 69,724 da 77,062. Sai aka haɗa garinku da Ferryhill da garin Sedgefield kansa da Spennymoor, ƙauyukan wajen Darlington kuma aka raba wa maƙwabta.

Maman Ilham: Allah ya saka da alheri, Malam. Ashe har da tsohon tarihi haka.

Ɗan Zariya: Yaya, ni abin da ba na mantawa shi ne 2005. Reg Keys, wanda aka kashe ɗansa soja a Iraƙi, ya tsaya takara da Blair a Sedgefield. Daren da aka sanar da sakamako ya yi jawabi, Blair na tsaye a bayansa, fuska a murtuke. Na kalla a talbijin ina ɗalibi, har yau tsigar jikina na tashi. Bayan Blair ya sauka a 2007 Phil Wilson ya gaje shi, sai ga Paul Howell na Conservative ya kayar da shi a 2019, abin da jam'iyyar ba ta yi a can ba tun 1931.

Maman Ilham: To yanzu na gane. Ranar Asabar ba ni da aiki, zan hau bas in je in ga garin Sedgefield ɗin da idona, in Allah ya yarda.