Katin girafik uku a kwamfuta ɗaya, gwaji na faɗawa kan wanda ban nufa ba

Ɗan Gwammaja: Assalamu alaikum. Kwamfutata tana da kati uku: na Intel da ke cikin furosesa, da Arc A380 guda biyu iri ɗaya. Da IGT, kayan gwajin direbobin girafik na Linux, nake gwada direba, wato manhajar da ke sarrafa katin. Jiya sunan da Linux ya ba katin da nake so card1 ne, yau da na sake kunnawa ya koma card2. Na sa pci:vendor=intel,card=1 don IGT ya zaɓi katin, to duka ukun na Intel ne. In cire ɗaya in huta, ko da yadda zan kama shi? Litinin zan miƙa sakamako.

Sarkin Kebul: Wa alaikumus salam. Sa CUDA_DEVICE_ORDER=PCI_BUS_ID, shi ke nan. Ni ma jerin katuna na nvidia-smi da na CUDA, manhajojin NVIDIA, sun taɓa saɓa mini.

Ɗan Gwammaja: Yallaɓai, Intel na ce, babu NVIDIA a nan.

Baban Ummi: Ɗan'uwa cire katin. Ni abin nan ya ci ni. Sati biyu ina gwaji wa wani kamfani, kullum komai lafiya lau, ina ta murna. Ashe duk a kan katin cikin furosesa yake gudana, sabon katin yana zaune ko ɗumi bai yi ba. Da suka gano, ba su tsaya jin bayani ba, suka riƙe rabin kuɗina, kuma a watan ne haya ta ƙare. Har yau in na ga card0 sai gabana ya faɗi.

Sarkin Kebul: Innalillahi. Allah ya mayar da alheri.

Baban Ummi: Amin. Abin da ya fi ƙona min rai, su ne suka ba ni umarnin da lambar a ciki.

Maman Sadik: Ba sai ka cire ba. Lambar card0 da card1 ta wanda direba ya fara kamawa ce, ba ta da tabbas. A wasu injinan ma simpledrm, ƙaramin direban nuni na lokacin kunnawa, ne ke fara riƙe card0. Duba /dev/dri/by-path, adireshin PCI, wato lambar mazaunin katin a cikin injin, yana nan, shi kuwa ba ya sauyawa muddin ba ka taɓa kayan ciki ba. Kira lsgpu, umarnin IGT mai jera katuna, ka gani, sannan ka tace da slot= da wannan adireshin. Kuma card=1 da ka sa ba card1 na /dev/dri ba ne, na biyu ne cikin waɗanda suka dace da tacewar, daga sifili ake ƙirgawa.

Baban Ummi: Hajiya, wannan karatu ne. Kin taɓa haɗa kati biyu iri ɗaya da hannunki?

Maman Sadik: Huɗu ne a injin ofishinmu, Malam. Ka duba lspci -nn, mai jera na'urorin PCI, a lokacin da abin ya same ka? Da ka ga kati biyu masu 8086, lambar Intel.

Autan Zinder: Kati uku, Alhaji? Shari'a ta ba ka damar ƙara na huɗu, sai dai ka yi adalci a rabon kwana 😂

Ɗan Fagge: Nawa ka sayi A380? Dala 139 aka sa masa da ya fito a 2022.

Sarkin Kebul: Farashin Amurka ke nan. Ni kusan ninki biyu aka ce mini a nan.

Autan Zinder: An cuce ka. Na hannu na samu, ƙasa da wancan ma.

Ɗan Fagge: Na hannun nan nake tsoro. Wani ya sayar mini da kati, wata ɗaya fankar ta tsaya, ya ce wutarmu ce.

Ɗan Gwammaja: Hajiya na gode, na ga adireshin. Amma slot= ɗin da 0000 na gaba zan rubuta shi?

Ɗan Fagge: Kuma wanda ya sayar mini da katin ba ƙarya ya yi duka ba. Jiya sau biyar aka ɗauke mana wuta, UPS ɗina minti uku kawai yake riƙe injin. Wa ke gwaji a kan sola a cikinku, batir nawa ya ishe ku?