Abin da Masu Kiwon Kare a Birni Suka Ba da Shawara

A wata tattaunawa da masu kiwon kare suka yi, batun da ya fi ɗaukar lokaci shi ne fita yawo. Kwalta tana riƙe zafi fiye da yadda mai takalmi zai zata, don haka aka ce mutum ya ɗora bayan hannunsa a kanta na ɗan lokaci, idan ya kasa jurewa, tafin ƙafar karen ma ba zai jure ba. Kare da haki yake hucewa, shi ya sa kowa ya fi son fili mai ciyawa da inuwa, da sassafe ko da yamma lis. A bar shi ya shinshini gindin bishiyar da ya saba tsayawa, wanda a ganina ya fi tsawon tafiyar amfani a gare shi.

An kuma jaddada allurar rigakafin ciwon haukan kare tun yana wata 3. Wanda kare ya ciza ya wanke raunin da sabulu da ruwa na minti 15, sannan ya garzaya asibiti. Igiya a wuyan kare da kwashe kashinsa haƙƙin maƙwabta ne.