Wane katako ya dace da akwatin sifika na falo?

Baban Amira: Assalamu alaikum 'yan zaure. Na samu wufa (babbar sifika mai fitar da bes, wato sauti mai kauri) biyu masu inci 8 da tuwita (ƙaramar mai fitar da siririn sauti) biyu, an ciro su daga wani tsohon saiti na gwanjo da akwatinsa ya ruɓe. Na jona su na ji, lafiyarsu ƙalau. So nake in yi musu sabon akwati na falo, ba na gidan biki ba, wanda mutum zai zauna ya ji ƙira'a ko kiɗa a natse. Wane katako ya fi, kuma fenti zan yi ko banish? Gobe in Allah ya kai mu zan shiga kasuwar Muda Lawal.

Ɗan Wunti: Wa alaikumus salam. MDF, wato allon garin katako da aka matse, mai kaurin milimita 18, shi ke nan.

Oga Saund: Filawud dai. MDF in ya ga ruwa ya zama burodi.

Ɗan Wunti: Oga, falo ya ce, ba bayan a-kori-kura ba. Kai da kullum kayanka na kan hanyar Dass da Toro, dole ka so filawud.

Ɗan Yelwa: Baban Amira, kafin ka zaɓi katako ka zaɓi wanda zai yi maka aikin, don ni a nan aka cuce ni. Wani kafinta na kai wa nawa, mai yin gadaje da kujerun amare, hannunsa da kyau ba laifi. Na ba shi awo a rubuce, na ce MDF nake so. Ya dube ni ya ce ai MDF garin katako ne aka matse, shi ba zai ɓata sunansa da shi ba, zai yi mini da maɗaci na gaske wanda jikokina za su gada. Da na je ɗauka kuwa abin sai wanda ya gani, ja wur, yana ɗaukar ido. A damina ne. Duk wanda ya shigo falo sai ya tambayi inda na saya.

Hunturu na kamawa sai na fara jin wani fito-fito a duk lokacin da bes ya buga. Na ɗauka wufa ce ta yage. Da na juya akwatin sai ga tsaga tun daga sama har kusan ƙasa, daidai inda ya haɗa falanki biyu, ana hango haske ta ciki. Na kwance wufar na leƙa, ashe ƙusa kawai ya buga, ko ɗigon gam babu a mahaɗar. Wannan ɗaya ke nan. Na biyu, awon da na ba shi ma bai bi ba, ya ƙara tsawo da faɗi wai don ya ƙara mini bes kyauta. Na uku, ya fasa wani rami a gaba da hannunsa, babu bututu babu komai, wai don sifika ta sha iska. Da na koma masa cewa ya yi haka katako yake, in jira damina zai koma ya haɗe. Wato in riƙa jin kiɗa rabin shekara ke nan. Yanzu ɗaya 'ya'yana na zama a kai, ɗayan uwargida ta ɗora masa fulas.

Kawu Kafinta: Ɗana, a yi mana adalci. Maɗaci bai yi laifi ba, ɗanye aka yanka maka. Katakon nan daga Kudu ake lodo shi da ruwansa, ya zo nan ya tarar da iskar Bauchi, dole ya tsuke. Mu da muka koya a wajen iyayenmu, jingine shi ake a inuwa ya sha iska ya bushe kafin a sa masa zarto. Amma ku ne za ku zo ranar Talata ku ce Juma'a kuke so.

Ɗan Yelwa: Kawu, ƙusar fa? Ita ma ni na ce ya buga?

Kawu Kafinta: Wannan kam ban kare shi ba.

Injiniya: Ko busasshe ne Kawu, katako na gaske ba ya daina motsi. Yana kumbura da damina, ya tsuke da rani, kuma ta faɗinsa yake yi ba ta tsawonsa ba, shi ya sa mahaɗa ke buɗewa. A kujera ba wanda zai damu. Akwatin sifika kuwa duk amfaninsa shi ne ya raba iskar bayan wufa da ta gabanta. In suka haɗu sai su kashe juna, bes ya ɓace. MDF da filawud ba su da wannan motsin sosai, shi ya sa kamfanoni ke amfani da su. Baban Amira, ni MDF zan ce maka tunda a ɗaki zai zauna. Filawud mai kyau ya fi shi ƙarfi da rashin nauyi, amma yawancin wanda ke kasuwa in ka duba bakinsa za ka ga ramuka tsakanin shimfiɗun, kuma ramin nan yana iya yin kaɗawa in sauti ya buga. In filawud ɗin za ka saya, ka sa a yanka maka ka ga cikinsa.

Sai girma. Ka auna ciki, ba waje ba: faɗi sau zurfi sau tsawo da santimita, ka raba da 1,000, ya ba ka lita. Misali 25 da 28 da 45 zai ba ka lita 31.5, in ka cire wurin da maganaɗisu da katakon tokare suka ci ya rage wajen 29 ko 30. Wufa mai inci 8 da yawa suna zama lafiya a irin wannan in akwatin rufaffe ne. Falle ɗaya mai ƙafa 4 da 8 ya ishe ka guda biyu har da saura. Amma in tsohon akwatin yana nan, ko a ruɓe ne, ka auna cikinsa ka kwaikwaya, don waɗanda suka yi shi sun san wufarsu.

Baban Amira: Allah ya saka Injiniya. Tsohon an riga an hura wuta da shi. To in fasa masa rami ko kada in fasa?

Injiniya: Kada ka fasa. Mai rami lissafi yake so. Faɗin bututun da tsawonsa da girman akwatin su ke yanke inda bes zai tsaya, bututu in ya ƙara tsawo sautin ya ƙara yin ƙasa. Lissafin kuma yana buƙatar lambobin wufar, waɗanda ake kira Fs da Qts da Vas. Wani injiniya ɗan Ostareliya, Neville Thiele, shi ya fitar da tsarin a 1961, Richard Small ya faɗaɗa shi a farkon shekarun 1970. Galibi in Qts bai kai 0.4 ba ana yi wa wufa mai rami, in ya haura rufaffe ya fi mata. Kai taka ta gwanjo ce ba takarda, rufaffe ya fi yafiya. In ka ɗan kuskure girma ba zai tona maka asiri ba.

Oga Saund: Rufaffe ba ya duka. Ni in ban ji kofuna na rawa a kan tebur ba, ba a kunna komai ba.

Maman Hanif: Ashe ku ne ke hana mu barci a Fadaman Mada.

Oga Saund: Hajiya a yi haƙuri, sana'a ce.

Na Gombe: Ku turo shi nan Jekadafari a yi masa aiki mai kyau, ku daina wahalar da bawan Allah.

Ɗan Wunti: Tun 1996 da aka yanke ku daga jikinmu kuke cika baki. Wa ya koya muku riƙe zarto?

Na Gombe: Ɗalibi ai yana wuce malaminsa.

Admin: Jama'a a koma kan tambaya don Allah.

Kawu Kafinta: To bari in faɗi nawa na hannu. MDF ba ya son ƙusa, kuma in ka ɗaura masa sukuru ta baki ba ka fara hudawa ba, darewa zai yi. Ka huda da ƙaramin bakin injin, ka shafa gam ɗin Top Bond a mahaɗa har ya tsattsafo, sannan ka ɗaure. Gam ɗin ne ke riƙewa, sukuru matsewa kawai yake yi kafin ya bushe. Bayan nan ka bi duk kusurwar ciki da gam ka shafe da yatsa. Ka sa katako ɗaya a tsakiya ya tokare gefe da gefe. Kuma wajen yanka ka sa takunkumi, ƙurarsa ba irin ta katako ba ce, akwai sinadarin gam a ciki, tana kama ƙirji. A yi masa ƙafafu na roba saboda masu goge ɗaki da ruwa.

Injiniya: Kawu ya gama magana. In ka ɗaura wufa, ka danna ta a hankali da yatsu ka saki. In ta dawo sannu-sannu akwati ya rufu, in ta yi tsalle ta dawo nan take akwai inda iska ke fita. Tokaren nan ma kada a raina shi, bango mai kaɗawa yana ƙara nasa sautin a kan murya. BBC ta ƙera wata 'yar ƙaramar sifika a shekarun 1970, LS3/5A, cikinta wajen lita 5 ne kacal, da filawud mai milimita 12, suka manna shimfiɗar kwalta a bangon ciki don ta kashe kaɗawar. Har yau ana nemanta saboda yadda take fitar da murya.

Na Gombe: Sashen Hausa ne suka ƙera?

Ɗan Yelwa: Cikin fa, me ake cusawa? Nawa kafintan soson katifa ya yayyaga ya zuba.

Ɗan Wunti: Farar audugar roba ta cikin filo. A sa ta sakwa-sakwa, kada a danƙara.

Maman Hanif: Ta rimi ba za ta yi ba? Ina da tsofaffin matasai.

Ɗan Wunti: Tana tashi Hajiya, sai ta shige bayan wufa. Ta robar ta fi zama wuri ɗaya.

Mai Gyaran Rediyo: Ba wanda ya yi maganar tuwita. Kada ka jona ta kai tsaye da amfilifaya, ƙonewa za ta yi. Ka duba bayanta, in om 8 ce ka sa mata kafasita mai maikurofarad 4.7 marar kai da gindi a layin ja, zai rage ƙarfin duk sautin da ke ƙasa da wajen Hz 4,200. In alamar waya ta goge a wufa, ka taɓa mata batirin tocila mai bolt 1.5, in ta turo waje to inda kan batirin yake nan ne ja. Ka yi wa duka biyun iri ɗaya, in ka juya ɗaya bes ya tafi.

Baban Amira: Na rubuta duka. Saura fentin.

Kawu Kafinta: Banish a kan MDF tsirara ba ya kyau, ba shi da zanen katako da zai fito. Bakinsa kuma shan fenti yake ba ya ƙoshi. Ka dama gam da ruwa ka shafe bakin, ya bushe, ka goge da samfefa mai lamba 220, ka sake. Kan sukuru ka cike da bodi-fila. Daga nan in baƙi mai sheƙi kake so, kai wa masu fentin mota su fesa, sun fi mu hannu a wannan. In kamar katako kake so, a manna masa siririyar fatar katako da Evo-Stik, a bi da sila, sannan banish shafi-shafi ana gogewa da 320 a tsakani. Fatar ba ta kai milimita ɗaya ba, in ka sa mata samfefa mai kaushi sai ka huda ta. Kuma kada a yi feshi ranar da hazo ya sauko, ƙura za ta zauna a kai. In dole ne a yayyafa ruwa a ƙasa a rufe ƙofa. Ranar da ake ruwa ma a bari, yana yin fari-fari.

Oga Saund: Duk wannan wahalar me? Ka naɗe shi da baƙin kafet, awa ɗaya an gama.

Maman Hanif: Kafet a falon Maman Amira? Sai dai ya kwana a waje shi da sifikar.

Ɗan Yelwa: Fomika fa Kawu?

Kawu Kafinta: Tana yi, tana ma tare ruwa. Sai dai a kusurwa take ɓallewa in yara na bugunta.

Na Gombe: Wai amfilifayar da zai tuƙa su ma akwai ta kuwa, ko akwati za a zauna ana kallo?

Baban Amira: Ita ce ban samu ba tukuna.

Mai Gyaran Rediyo: Akwai wata a shago da mai ita ya ƙi zuwa ɗauka, gefe ɗaya ne ke ɗan shaƙewa. Bari in kira shi in ji ko zai sayar.

Oga Saund: In Baban Amira bai saya ba ni ina so. Wat nawa ce?